Zauren Likitocin Ƙwaƙwalwa da Wutar Gwaggo Hansai

Kabiru, ranar Sallar da ta wuce ina jin ka a tsakar gida kana gaya wa ƙannenka cewa da mahaifiyarku ba ta ƙi tafiya ba, da dukanku a Turai kuka girma. Na yi shiru don akwai baƙi, kuma ba a gyara wa magidanci zance a gaban matarsa. Amma yanzu da na ajiye aiki, ba ni da abin yi a nan Karaye sai ban ruwan 'yan mangwarona da sauraron rediyo, bari in zauna in rubuta muku yadda aka yi, don kada bayan raina ku ɗora wa baiwar Allah laifin da ba nata ba. Mahaifiyarku ba ta ƙi tafiya ba. Ita ce ma ta fara sayo muku rigunan sanyi a gwanjo tun ban ce uffan ba. Ni na ƙi, da hankalina, kuma da za a mayar da ni wannan shekarar abin da na yi shi zan sake yi.

Kun san ni likita ne, amma na tabbata in aka tsare ɗayanku aka ce wane irin likita, sai ya fara sosa ƙeya. Ni ba na zagayen gadaje, ba na rubuta magani. Aikina shi ne in an ciro ɗan nama daga ƙwaƙwalwa ko jijiya ko tsoka a kawo mini, in sa a yanka shi sirara fiye da ɓawon albasa, a rina, a ɗora a kan gilashi, in leƙa a madubin ƙara girma in faɗi sunan ciwon. Galibi naman mai rai ne da aka yi wa tiyata, jefi-jefi kuma na wanda ya riga mu gidan gaskiya. Mutanen ƙauye ba su riƙe na farkon ba, na biyun suka riƙe. Likitan gawa suke ce mini a bayan idona, kuma ina sane. Masu wannan sana'a ba mu da yawa a ƙasar nan, don haka in gilashi ya shige mini duhu, babu ƙofar da zan ƙwanƙwasa a asibitin da nake aiki a birni.

Abin da ya rufa mini asiri shi ne wani dandali a intanet da masu sana'armu na duniya suka buɗe wa kansu. Ni zaure nake kiran sa, don ya yi kama da zauren gidan kakanku bayan la'asar, kowa da abin da ya kawo. Akwai inda ake sa labarai, wane ya gano kaza, za a yi taro a gari kaza, wane tsoho ya rasu. Akwai inda mutum zai sa hoton gilashin da ya gagare shi, kafin ya sha shayi wani daga wata uwa duniya ya ba shi amsa, wani kuma ya zo ya ƙaryata na farkon, a yi ta musu cikin ladabi. Can ƙasa kuma ake tallan guraben aiki, kuma ba zan ɓoye muku ba, nan na fi leƙawa. Na gaji. Yau rini ya ƙare, gobe wuta ta ɗauke nama ya lalace a cikin na'ura, ga mai ciwo can yana jiran in faɗa masa makomarsa. In na zo Karaye ƙarshen mako, a lokacin sabis ba ya kamawa sosai sai kusa da tasha, sai in ajiye mota a gindin wata darbejiya in yi ta latsa waya. Masu shayin wurin har sun saba, in sun hango ni sai su ce likita ya zo gaida mutanensa na cikin waya.

A gindin darbejiyar nan, da farkon damina, na ga tallan. Wani babban ɗakin bincike a ƙasar sanyi yana neman wanda ya san cututtukan ƙwaƙwalwa na ƙasashen zafi, irin su sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai da haukan kare. Kamar da ni aka gwada aka ɗinka. Na nema, suka yi mini tambayoyi ta bidiyo, suka ɗauke ni, suka ce in iso da iyalina kafin sanyinsu ya shigo. Na yi murna ƙwarai, murnar da ban taɓa yi wa wani aiki ba. A watan ne kuma na je Zoza gaida Gwaggo Hansai.

Ƙananan cikinku ba su san ta ba. Ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni da mahaifiyata ta rasu, a bayanta na yi wayo. An aurar da ita Zoza ta ƙasar Rogo, mijin ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta ci gaba da zama a ɗakinta a cikin babban gidan, tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Mai gidan a lokacin shi ne ƙanen mijinta, Malam Sale, manomin gyaɗa, mutum mai kaifi ɗaya. Babban ɗansa Auwalu ya taso lafiya lau har ya isa riƙe garma, sai ya fara zabura kamar wanda aka tsikara, kwano ya suɓuce daga hannunsa, ya ce yana ganin walƙiya da rana tsaka. Daga nan farfaɗiya, daga nan mantuwa, har karatun da ya haddace ya zube, bayan wasu shekaru ya rasu. Ba a gama share hawaye ba ƙanensa Sani ya fara irin wannan zaburar. Wata rana ciwon ya kayar da shi, yana farfaɗowa ya kira sunan Gwaggo. Ba abin mamaki ba ne, ita ke ba shi ƙuli tun yana rarrafe. Amma kun san abin da ake cewa idan mara lafiya ya kira sunan tsohuwa marar ɗa.

Ina shiga gidan na ga ciyawa ta fito a hanyar ɗakinta. A gidan da mata suka yi yawa ba kowa ke ƙyasta ashana ba, wadda ta riga hura wuta ita ake zuwa wa da ɗan kasko a ɗebi garwashi, a tsaya a gaisa, a yi gulma kaɗan. Gwaggo kuwa saboda suyar ƙuli murhunta ba ya mutuwa, nata ne wurin ɗiban wutar gidan tun ina yaro. Ranar na zauna tun hantsi har azahar, ba wadda ta leƙo. Wata yarinya ta taho da gudu za ta wuce ta ƙofar, uwarta ta daka mata tsawa daga nesa. Ƙulin da Gwaggo ta soya yana nan jibge a ƙwarya, ba mai saye. Raina ya ɓaci iyakar ɓaci.

"Gwaggo, haɗa kayanki mu tafi Karaye," na ce.

"In tafi in ce me? Duk wanda ya ga ƙeyata a motarka zai ce mayya ta gudu, ashe gaskiya ne. Ɗakin nan aka kawo ni, daga nan za a ɗauke ni."

"To me suke shirin yi?"

Ta gyara itace a murhu, sannan ta amsa.

"Samarin gidan sun ce in an cire gyaɗa yaron bai tashi ba, za su tuɓe ni in tsallake shi, wai in sakar masa kurwa. Ni da na yi musu wankan jarirai."

Ba ta yi kuka ba, ni ne na fita bayan gida na yi. Da zan tafi na hango Sani a inuwar rumbu, na tsaya muka gaisa, ina kallon yadda kafaɗarsa ke fizga da yadda yake laluben kalma. Wani abu da na taɓa karantawa ya faɗo mini, amma ban taɓa ganin sa da idona ba. Ina isa Karaye ban shiga gida ba, na zarce gindin darbejiya na rubuta a zaure, ba suna ba gari: 'yan'uwa biyu, uwa da uba 'ya'yan wa da ƙane, ga yadda ciwon ke farawa, ga yadda yake ƙarewa, kuma a wurinmu ana binne mamaci a ranar, babu zancen duba ƙwaƙwalwa. Kafin magariba wata tsohuwar likita daga wata ƙasa mai nisa, wadda ban taɓa ganin fuskarta ba sai rubutunta, ta amsa. Ta ce zatona shi ne nata, kuma ba na bukatar ƙwaƙwalwa. In ciwon nan ne, yana barin alamarsa a inda gumi ke fitowa. A ciri fatar hammata, kamar ƙwayar dawa, ta isa.

Ku da kuka tashi a birni za ku ce to ai an gama, a sa yaro a mota a kai shi asibiti. Ku tsaya ku duba. Ɗan riƙon wadda ake zargi da maita, wanda ake kira likitan gawa, ya zo yana roƙon a ba shi gutsuren naman yaron da aka ce ta kama. In na buɗe baki na faɗi haka a zuwan farko, da na gama tabbatar musu da zargin, ni ma a haɗa da ni. Irin wannan magana ba a ɗauke ta a kai a shiga da ita, sai an bi ta gaisuwa. Haka na riƙa yi duk ƙarshen mako, in tashi daga Karaye, motar ta kafe a laka, a tura, in isa in durƙusa a zauren Malam Sale. Ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, yaya gona, yaya mai jiki, Allah ya sawwaƙe. In tashi in tafi ban ce komai ba. Da farko da ƙyar yake amsa sallamata, daga baya ya fara sa a shimfiɗa mini buzu. Sai da na ga ya sa an kawo mini fura, sannan na je na sami limamin garin, dattijo mai hankali, na warware masa komai, shi ya kai maganar da bakinsa. Amsar da Malam Sale ya aiko da ita gajeriya ce: yanzu damina ce, hankalinsa na gona, a bari a cire gyaɗa a zauna.

Na rubuta wa mutanen ƙasar sanyi na roƙi su ƙara mini lokaci, suka ƙara kaɗan. Da wa'adin ya matso gyaɗa ba ta isa cira ba, na sake roƙo, suka amsa cikin mutunci cewa aikinsu ba zai jira ba, in faɗa musu ko zan zo ko ba zan zo ba. Ban ga laifinsu ba har yau, su ma da nasu lissafin. Na sami mahaifiyarku tana ninke rigunan sanyin nan a akwati, na gaya mata.

"Yanzu saboda Allah, Baban Kabiru, damar da mutane ke nema da kuka za ka bari ta wuce? Ka tura wani likitan mana."

"Wa Malam Sale zai saurara? Ni ɗin ma sai da na yi wata da watanni ina durƙuso kafin in sha furarsa. In na tafi, ranar da aka cire gyaɗa ba zama za a yi ba, tsallake za a yi."

"To ciwon yana da magani?"

"In shi ne abin da nake zato, babu."

Ta ajiye rigar da ke hannunta ta dube ni.

"Ashe ba yaron za ka ceta ba."

"Ba shi ba. Gwaggo."

Ta rufe akwatin, kuma ta kwana biyu ba ta sakar mini fuska ba, ina ganin tana da haƙƙin haka. Taura biyu ba ta taunuwa, na rubuta musu na ce na gode, ba zan zo ba. Amma ga abin da ba ku sani ba game da wadda kuke cewa ta hana ku Turai. Asabar ɗin da ta biyo ina tayar da mota sai ga ta da mayafi ta buɗe gaba ta zauna. Da muka isa Zoza ta ja tabarma har tsakar gida, inda kowa zai gani, ta ce Gwaggo ta zubo mata tuwo. A kwano ɗaya suka ci, tana ci tana santi da ƙarfi, matan gidan suna leƙe ta bayan zana.

Da aka cire gyaɗa aka shanya, Malam Sale ya cika alkawari. Muka zauna da shi da liman. Ya ce ya yarda, amma ba hannuna zai taɓa yaron ba, kuma naman ba zai bar idonsa ba har a gama. Na ce na amince, na ƙara da cewa a fara cirar tawa fatar, don ya ga ba wani abu ba ne, kuma a sami abin gwadawa. A asibiti a Rogo wani ma'aikacin lafiya ya yi, ni na fara ɗaga hannu, sannan Sani. Kwalabe biyun a aljihun Malam Sale suka je birni. Da na ce masa dole naman ya kwana a cikin na'ura kafin ya yanku, sai ya fita kasuwa ya sayo kwaɗo sabo, ya garƙame ƙofar ɗakin bincikena, ya jefa makullin a aljihu. Ma'aikatana suka yi ta kallona, na ce ku ƙyale shi, yau shi ne shugaban sashe.

Da aka rina na fara leƙawa, na san in ban ga komai ba na yi biyu babu. Suna nan. Jajayen ɗige-ɗige a jere, kamar an barbaɗa garin barkono. Na koya wa Malam Sale yadda zai sa ido, ya duba tawa, fes, ya duba ta ɗansa. Sannan ya ɗago.

"Na gani, likita. To wa ya zuba masa su?"

Na san zai yi wannan tambayar, kuma na shirya mata. Tun da safe na rubuta a zaure, na roƙi duk wanda ya taɓa gamuwa da irin wannan ciwo ya turo hoton gilashinsa. Na juyo masa da kwamfuta. Hotuna sun taru daga ƙasashen Larabawa, daga ƙasar Hindu, daga wasu tsaunukan Turai, duk ɗige-ɗigen nan ne, ba bambanci. Na riƙa karanta masa abin da aka rubuta a ƙasan kowane, yaro ya taso lafiya, ya fara zabura, ya ce yana ganin walƙiya. Na ce masa Gwaggo Hansai dai ko Kano ba ta taɓa kwana ba.

Ya sa na koma baya na sake karanta masa wasu. Shi manomi ne, ya san abin da iri yake yi, ban ce masa komai ba shi ya tsinto da kansa.

"Waɗannan iyayen nasu, na ji kana ta cewa 'yan'uwan juna ne."

"Yawancinsu."

"Kamar ni da Talatu."

Talatu ita ce uwar yaran, 'yar ƙanen mahaifinsa ce. Na ce masa ba laifinsa ba ne ba kuma nata ba, auren zumunci halal ne, ga gidaje nan birjik da suka yi shi 'ya'yansu garau. Wani iri ne da ke kwance a jini, mai ɗauke da shi bai san yana ɗauke da shi ba, sai ya haɗu da irinsa sannan ya tsiro, shi ma ba a kowane ɗa ba. Ya tambaye ni magani, na gaya masa gaskiya, akwai abin da zai rage faɗuwar, babu abin da zai tsayar da ciwon. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu yana ta innalillahi a hankali. Na ji tausayinsa har cikin raina. Ya zo birni yana da wadda zai ɗora wa, zai koma ba shi da kowa sai ƙaddara.

Kada ku zaci abin bai ci mini komai ba. Sani ya rasu bayan 'yan shekaru, ina cikin waɗanda suka ɗauki makararsa. Gurbin nan kuma ban sake ganin irinsa ba, na ci gaba da leƙa wurin tallan har na gaji na daina. Wanda aka ɗauka a madadina ina ganin sunansa a ɓangaren labarai, yau ya gano kaza, gobe an gayyace shi taro, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, akwai ranakun da na rufe wayar don hassada ta taso mini, in yi istigfari in koma ɗakina da rininsa ya ƙare. Ku ma kun biya, da yajin aikin jami'a da zafin birni da duk abin da kuke lissafawa in kun haɗu. Na sani. Ban ce kyauta aka samo wa Gwaggo mutuncinta ba, na ce ni na saya, ba mahaifiyarku ba.

Malam Sale bai tara jama'a ya ba Gwaggo haƙuri ba, irinsu ba sa yin haka, kuma ban sa rai ba. Abin da ya gaya wa iyalinsa da ya koma ban sani ba. Na dai je ƙarshen makon da ya biyo, da hantsi, ina zaune a ƙofar ɗakin Gwaggo tana suya, sai ga Talatu ta fito daga sashenta da ɗan kasko a hannu. Ni da idona ina ganin hayaƙi na tashi daga madafinta, wutarta na ci. Ta tako ta kan ciyawar nan har bakin murhu, ta durƙusa, kanta a ƙasa.

"Ina kwana, Yaya. Wuta na zo ɗiba."

Gwaggo ta dube ta, ta dubi kaskon. Ta sa mara ta kwaso garwashi, ta zaɓi manya-manyan, ta cika mata shi har baki.

"Riƙe da kyau, da zafi. Yaya mai jikin?"

"Da sauƙi."

Talatu ta tashi ta koma tana share ido da gefen mayafi, matan gidan duk sun fito ƙofofinsu suna kallo. Gwaggo ta ci gaba da juya ƙulinta kamar ba a yi komai ba. Can ta waiwayo ta same ni na saki baki, ni da furfurata da digirorina.

"Kai kuma ka zauna kana kallon mutane. Tashi ka faso min itace, gobe ma za a zo ɗiba."

Na tuɓe babbar rigata na ɗauki gatari.